Daga Matameye zuwa Assamaka: Wa ya kamata ya biya kuɗin ceton rai a hamada?

A ƙarshen watan Oktoban 2013 ne aka gano gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewacin Arlit, tazara kaɗan da iyakar Nijar da Aljeriya. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, bakwai maza. Motoci biyu da suka ɗauko su da nufin kai su Tamanrasset ne suka lalace, ruwan da suka riƙe ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Mutum 21 kacal suka tsira. Akasarin mamatan sun fito ne daga gundumar Kance ta jihar Damagaram, wadda garin Matameye ke zaman hedkwatarta. Gwamnatin Shugaba Mahamadou Issoufou ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

Sama da shekara goma bayan nan, hanyar ba ta mutu ba. Har yanzu ana tafiya, motoci na lalacewa, ana fita neman waɗanda suka ɓata. Kowane fita kuwa na cin man fetur, ruwa, magani da ladan ma'aikata. Shi ya sa tambayar da ake tafka muhawara a kanta a ƙasashen Turai, Amurka da Japan ta shafi mutanen Matameye kai tsaye: idan mutum ya jefa kansa cikin haɗari da saninsa, shin ya kamata a miƙa masa takardar biyan kuɗi bayan an ceto shi?

Me ke fitar da mutanen Kance?

Matameye na kudu maso yammacin birnin Damagaram, kusa da iyakar Najeriya ta ɓangaren Daura. Yanki ne na noman gero, dawa, wake da gyaɗa, ga rake da kayan lambu a fadamu. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar na da mutum kusan dubu 400, kuma tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da dama ne ke raba ta. Abin da aka girbe sau da yawa ba ya kai iyali zuwa wata damina.

Da can maza ne ke tafiya ci-rani Najeriya ko Libiya. Rikicin Libiya na 2011, matsalar tsaro a arewacin Najeriya da faɗuwar darajar naira sun rage amfanin waɗannan hanyoyi. Sai mata suka shiga gaba, suna ɗaukar yara zuwa biranen Aljeriya, inda wasu ke aikatau, da yawa kuma ke bara. Idan mace ɗaya ta dawo ta sa rufin kwano, ta sayi awaki, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, maƙwabta sun ga hujja. Labarin waɗanda suka mutu a hanya ba ya da ƙarfin wannan rufin kwano da ake gani kullum.

Tafiyar doguwa ce: Matameye zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sai Arlit, sannan kusan kilomita 200 na rairayi zuwa Assamaka, ƙauyen ƙarshe kafin Aljeriya. A wannan zango na ƙarshe ne a watan Yunin 2016 aka sake samun gawarwakin mutum 34, ciki har da yara 20, bayan masu safararsu sun watsar da su.

Wa ke biya a yanzu?

Wanda aka ceto a hamadar Nijar ba ya biyan ko sisi. Sojoji, jandarmomi da jami'an kare fararen hula ne ke fita, da kuɗin baitulmali. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta fara ayyukan nema da ceto a jihar Agadas a watan Afrilun 2016, kuma zuwa tsakiyar 2019 ta ce ta ceto mutum kusan dubu 20, da tallafin Tarayyar Turai da wasu ƙasashe masu ba da agaji. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara na amfani da babura masu ƙafa uku wajen kwaso marasa ƙarfi a kewayen Assamaka. Likitocin MSF su ma sun shafe shekaru suna duba marasa lafiya a can.

Akwai kuma kuɗin maido da mutane gida. A watan Disamban 2014 aka fara kwaso 'yan Nijar daga Aljeriya cikin ayarin motoci, bisa yarjejeniyar gwamnatocin biyu. A watan Maris na 2022, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna 'yan Nijar na bara a titunan Dakar, gwamnati ta ɗauki hayar jirgin sama ta maido da sama da mutum dubu ɗaya, akasarinsu 'yan Kance da Magarya. Watanni kaɗan bayan haka aka yi irin wannan jigila daga Accra.

Hujjar masu cewa a biya

Masu ganin ya kamata a biya na da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Babu wanda ke Kance da bai ji labarin 2013 ba. An yi faɗakarwa a rediyo, sarakuna da malamai sun yi magana. Duk da haka akwai waɗanda aka maido gida, suka huta 'yan watanni, suka sake kama hanya. A ganin masu wannan ra'ayi, ceto da jigila kyauta sun zama tamkar tabbacin tikitin dawowa, wanda ke rage wa mai shirin tafiya fargaba. Kuɗin da aka kashe a kan jirgi ɗaya, in ji su, zai iya haƙa rijiyoyin noman rani ko gina azuzuwa a ƙauyukan da mutanen suka fito. Sannan jami'in da ya fita nema a Tenere yana saka nasa ran cikin haɗari, ga 'yan fashi, ga zafin da kan haura digiri 45.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. A jihar New Hampshire ta Amurka, doka ta ba hukuma damar cajin mai yawon daji da sakacinsa ya jawo aikin ceto, kuma tun 2015 ana sayar da wani kati na dala 25 a shekara da ke kare mai shi daga wannan caji. Jihar Arizona na da dokar da ke sa direban da ya tsallake shingen gargaɗi ya shiga ambaliya ya biya kuɗin fito da shi. Faransa ta yi doka a watan Yulin 2010 da ta ba gwamnati damar neman a maido mata kuɗin da ta kashe wajen ceto ɗan ƙasarta a waje, idan ya kai kansa wurin haɗari da gangan ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A Japan kuwa, muhawarar ta sake zafi a watan Afrilun 2025, lokacin da aka ceto wani ɗalibi sau biyu cikin mako guda a kan dutsen Fuji, bayan ya koma neman wayarsa da ya bari a hawan farko.

Inda kwatancen ya karye

Duk waɗannan misalai na da abu ɗaya: mutanen da ke da abin hannu, waɗanda suka fita don nishaɗi ko ganganci. Mai hawan dutse a Japan yana da albashi, adireshi da asusun banki. Matar da aka tsinta a hanyar Assamaka ta sayar da akuyarta, ko ta jinginar da gona, ko ta ci bashi kafin ta biya kuɗin mota. Idan aka rubuta mata takardar biyan jika ɗari biyar, daga ina za ta fito da su? Abin da zai faru shi ne bashi a kan bashi, kuma bashin nan ne zai sake tura ta Aljeriya.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Ko a Amurka, rundunar tsaron gaɓar teku da hukumar gandayen daji ta ƙasa ba sa cajin waɗanda suka ceto, kuma ƙungiyoyin masu aikin ceto sun daɗe suna adawa da caji. Dalilinsu shi ne mai tsoron biyan kuɗi yana jinkirta neman taimako har sai al'amari ya ɓaci. A Birtaniya, ƙungiyar RNLI da ke ceton mutane a teku tun 1824 na aiki ne da gudummawar jama'a, ba ta karɓar komai daga wanda ta tsamo. A hamada jinkiri ya fi tsada, domin a lokacin zafi mutum ba ya wuce 'yan kwanaki ba ruwa, yara kuma su ke fara galabaita. Direban da motarsa ta lalace, ya san kiran jami'ai zai jawo tara, zai ce bari ya gwada gyara tukuna. Kwana biyun da ya ɓata yana gwaji su ne tsakanin rai da mutuwa.

Nijar ta riga ta ga abin da tsoron hukuma ke haifarwa. A watan Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, da hukuncin ɗaurin shekara biyar zuwa goma da tarar sefa miliyan ɗaya zuwa biyar. Da aka fara aiwatar da ita sosai a 2016, an kama direbobi an ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi sun koma bin ɓarauniyar hanya, nesa da rijiyoyi da shingayen sojoji, wasu kuma na zubar da fasinjoji su gudu da zarar sun hango sintiri. Wani bincike da ƙungiyar Border Forensics ta fitar a 2023 ya nuna yadda hanyoyin suka ƙara nisa da wuraren samun ruwa. A watan Nuwamban 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar. Sanya kuɗi a kan ceto zai iya maido da irin wannan ɓoyo ta wata ƙofa.

Waɗanda ba su zaɓi hamada ba

Akwai kuma gaskiyar da ake yawan mantawa: kaso mai yawa na waɗanda ake ceto a kewayen Assamaka ba su shiga hamadar da ƙafarsu ba. Jami'an Aljeriya ne ke sauke 'yan ƙasashen Afirka ta Yamma a wani wuri da ake kira Point Zero, su bar su su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da aka koro daga Aljeriya zuwa Nijar a 2024 kaɗai. Idan ana neman aikin ceton da da ma ana iya kauce masa, to ga shi nan, kuma wanda ya haddasa shi gwamnati ce mai arzikin man fetur da iskar gas.

Haka ma yara. Fiye da rabin mamatan 2013 yara ne. Yaro ɗan shekara shida bai yanke shawarar tafiya ba, balle a ce ya yi sakaci. Wasu ma ba iyayensu ne ke tafe da su ba, an karɓo su ne daga dangi da alkawarin za a riƙa aiko da wani abu.

To wa zai biya?

Idan aka ware wanda aka ceto, akwai waɗanda ya dace a bi. Na farko shi ne mai ƙarya: wanda ya kitsa labarin ɓata ko na sace shi don ya tatsi kuɗi a wurin dangi, ya sa jami'ai suka fita a banza. Wannan ya cancanci ya biya duk abin da aka kashe, kuma kotu ce za ta yanke. Na biyu shi ne mai mota da ɗan kamashon da suka karɓi kuɗin mutane, suka loda su a motar da ba ta da lafiya, ba isasshen ruwa, ko suka watsar da su. Na uku su ne masu tara 'ya'yan mutane suna kai su bara don riba. Nijar na da dokar yaƙi da fataucin mutane tun watan Disamban 2010, kuma dukiyar da aka ƙwace daga irin waɗannan za ta iya shiga aikin ceto.

Tunda jigilar fasinja zuwa arewa ta daina zama laifi, akwai damar tsara ta a fili. Ana iya wajabta wa kowace mota rajistar sunayen fasinjoji a tasha, da adadin jarkokin ruwa gwargwadon yawan mutane, da wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, tunda layin waya ba ya kai wa can. Ana iya ɗora wani ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane tikiti, ya tafi asusun ceto da gyaran rijiyoyin hanya. Wannan ya yi kama da katin New Hampshire: ana biya kafin a tashi, lokacin da mutum ke da zaɓi, kuma babu wanda zai ji tsoron kira idan ya shiga uku. Sharaɗin shi ne a riƙa bayyana abin da aka tara da inda ya tafi, kada ya zama wani sabon harajin shinge.

'Yan Kance da ke zaune a Kano, Legas, Abidjan ko Turai su ma suna da hannu a ciki, domin sau da yawa su ake kira a nemi gudummawar kuɗin mota. Kafin a tura, yana da kyau a tambaya: wace hanya za a bi, wane direba ne, yara nawa za a ɗauka, kuma 'ya'yan wa? Kuɗin da zai kai mace da yara uku Tamanrasset zai iya zama jarin saye da sayar da gyaɗa, ko kuɗin injin ban-ruwa a fadamar gida. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan hanya ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Muddin gona ba ta ciyar da gida, wasu za su ci gaba da tafiya, wasu motoci kuma za su lalace. Ranar da hakan ta faru, abin da ake bukata shi ne wanda ke riƙe da waya ya kira nan take, ba tare da ya tsaya lissafin abin da za a caje shi ba.