Zaɓen Fetur Domin Tsofaffin Motoci: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Abin Da Ake Nufi Da Fetur Mai Gauraye

1. A ƙasashe da yawa feturin da ake sayarwa yanzu ba tsantsa ba ne, ana gauraya shi da wani ruwa mai cin wuta wanda ake kira itanol. Shi itanol irin barasa ne da ake tacewa daga rake, ko masara, ko rogo. Birazil ta kafa babban shirinta na yin mai da rake a 1975, a watan Agusta na 2025 kuwa ta kai gaurayen kashi 30 cikin 100. A Amurka da masara ake yinsa, kusan dukan feturin ƙasar yana ɗauke da kashi 10. Gwamnatin Nijeriya ita ma ta fito da wata manufa a 2007 wadda ta yarda a gauraya har kashi 10. Inda aka ga an rubuta E5 a jikin famfo, watau itanol bai wuce kashi 5 ba. E10 kuwa har kashi 10 ne.

2. Sabuwar mota ba ta damu da wannan ba. Abin ji shi ne tsohuwa mai kafireto, irin su Peugeot 504 wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da tsohuwar Land Rover, har da babura da injin ban-ruwa da janareto. Irin waɗannan ne ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da dare, su ne ke kai hatsi kasuwa. Lalacewarsu hasara ce ga talaka, wani lokaci ma har da rai.

Ɓarna Iri Huɗu

3. Ta fari, itanol yana shan ruwa daga iska, balle da damina. In mota ta daɗe a ajiye, ruwan ya yi yawa, sai shi da itanol su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki. Daga nan famfon mai ke zuƙa, sai inji ya ƙi tashi, tankin ƙarfe kuma ya kama tsatsa.

4. Ta biyu, yana cin tsohuwar roba. Tiyon mai, da robar cikin famfo, da waɗanda ke toshe mahaɗar kafireto, sukan kumbura ko su bushe su tsage. Wannan ita ce ɓarna mafi hatsari, gama fetur in ya ɗiga bisa inji mai zafi, gobara ce. Har wa yau yakan ɓamɓaro tsohuwar dauɗar da ta manne cikin tanki, ta je ta toshe matacin mai.

5. Ta uku, akwai iskar oksijin a cikin itanol kansa. Kafireto kuwa an daidaita shi ne ga fetur tsantsa, ba ya iya gyara kansa. Saboda haka iska takan rinjayi mai, inji ya yi zafi, mota ta riƙa fizga ko ta mutu a silo. Sabuwar mota tana da na'urar da ke auna hayaƙi ta ƙara mai da kanta, shi ya sa ba ta jin kome.

6. Ta huɗu, fetur mai gauraye yana saurin zama tururi. Da bazara, in an yi tafiya mai nisa aka tsaya, man yakan tafasa cikin bututu, mota ta ƙi tashi sai ta huce. Ƙarfinsa kuma ya ɗan gaza na tsantsa: da E10 nisan da lita guda ke kai mota yakan ragu da kamar kashi 3 cikin 100.

Yadda Aka Yi A Ingila

7. A watan Satumba na 2021 aka mai da E10 fetur na yau da kullum a Ingila. Gwamnatin can ta sanar cewa duk motar da aka ƙera daga 2011 tana iya shansa, amma saboda tsofaffi aka bar E5 a famfon mai tsada, wanda lambar oktan ɗinsa ta kai 97. A Amurka kuma, da aka halatta kashi 15 a 2011, an keɓe shi ga motocin 2001 zuwa sama. Abin lura shi ne, a ƙasashen nan biyu da shekarar ƙirar mota aka yi hukunci, ba da kyan jikinta ba.

Ƙa'idar Zaɓe

8. A fara duba shekarar mota, da littafinta, da abin da aka rubuta a murfin tanki. In mai kafireto ce, a nemi fetur marar itanol. In babu, a ɗauki wanda itanol ɗinsa ya fi kaɗan, ko da ya fi tsada, domin araha ba ta ado. In an yi kuskure an sha mai gauraye sau ɗaya, ba sai an zubar ba, a ci gaba da tafiya, in tanki ya yi rabi a cika da wanda ya dace. Yawan sha da daɗewa a ajiye su ne ke kawo ɓarna.

9. In mai gauraye kaɗai ake samu, to, mota za a gyara. Makaniki ya sake tiyo da robobi da irin da ke jure itanol, ya sa sabon mataci, ya ɗan ƙara wa kafireto mai. Kada a bar fetur ya yi watanni cikin tanki ko jarka. Injin ban-ruwa da janareto, in an gama aikin rani, a tsiyaye tanki da kafireto kafin a ajiye su. Maganin kwalba da ake zubawa cikin tanki yana iya rage tsatsa, amma ba ya fid da itanol.

Gwajin Kwalba

10. Inda babu rubutu a famfo, ko an sayi mai a hannun 'yan bumburutu, akwai gwaji mai sauƙi. A samu doguwar kwalba ta gilashi, a zuba ruwa awo 1, a yi alama daidai inda ya tsaya. Sa'an nan a ƙara fetur awo 9, a toshe, a girgiza ƙwarai, a ajiye ya kwanta. In ruwan ya koma kan alamarsa, fetur tsantsa ne. In ya haye alamar, akwai barasa a ciki, gama ita ce ta bar fetur ta bi ruwa. Wannan gwaji yana tona metanol ma, watau ɗan'uwan itanol wanda ya fi shi cin inji. Shi ne aka samu cikin feturin da aka shigo da shi Nijeriya daga Beljiyam a farkon 2022, har motoci suka lalace, mai ya yi wuya. Lalle a yi gwajin a fili, nesa da wuta, ba mai shan taba kusa. Kada kuma kowa ya ce zai wanke itanol daga fetur da ruwa ya zuba a mota, domin abin da ya saura oktan ɗinsa ya ragu, sai inji ya riƙa ƙwanƙwasa.

Aikin Malamin Hakimi

11. Ya kamata kowane Malamin Hakimi ya buɗe littafi domin motocin ofis. Ya rubuta shekarar kowace mota, da ranar da aka sha mai, da gidan man, da lita nawa, da nisan da aka yi, da ranar da aka sake tiyo. In mota ta soma ciwo, littafin nan zai nuna ko daga mai ne, kafin a kashe kuɗin baitulmali wajen sauke inji a banza. Direba kuma ya buɗe bonet kowace safiya ya duba tiyo. In ya ji warin fetur, kada ya ta da mota sai makaniki ya gani.

12. Ana roƙon Hakimai su bayyana wannan ga Dagatai da Masu Unguwanni, su kuma su isar ga direbobi da manoman rani, musamman kafin faɗuwar damina. Rigakafi ya fi magani.