Wutar Lantarki a Rumfar Karaban: Haɗari da Hanyoyin Kariya

A ƙasashen Turai, musamman Ingila, Faransa da Jamus, iyalai da dama kan yi hutunsu a cikin wani ɗaki mai tayoyi da mota ke ja, wanda ake kira karaban. Idan aka isa zango, sai a kafa rumfar tamfol a jikinsa domin cin abinci da hira. Wayoyin cikin ɗakin an tsara su tun daga masana'anta. Rumfar kuwa a kan ciyawa take, raɓa na sauka a cikinta, kuma masu zama sukan taka ƙasa ba takalmi. Saboda haka kai wuta cikinta yake bukatar lura ta musamman.

Yadda lantarki ke ratsa jiki

Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne mai ɗauke da gishiri, don haka lantarki yana gudana a cikinsa cikin sauƙi. Fata ita ce katanga. Idan ta bushe, turjiyarta kan kai om 100,000. Idan ta jiƙe, turjiyar jiki kan faɗo zuwa kimanin om 1,000. Turakun wuta na zango suna ba da bolt 230. Ke nan wanda ya taɓa ɓararriyar waya da jiƙaƙƙen hannu, yana tsaye a kan danshi, miliamfiya 230 na iya ratsa shi.

A miliamfiya 1 mutum kan ji tsikari ne kawai. Daga wajen 10 sai hannu ya ƙage a kan wayar, domin tsokar da ke dunƙule yatsu ta fi mai buɗe su ƙarfi. Daga wajen 50 zuwa sama kuwa zuciya ce abin ji. Ita zuciya da ɗan lantarkin kanta take daidaita bugunta. Wutar da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa takan rikita wannan tsari, sai zuciyar ta shiga makyarkyata maimakon tura jini, kuma cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Matakan kariya

Fiyus ko makatsin wuta na amfiya 16 aikinsa kare waya daga ƙonewa, domin wutar da za ta kashe mutum ba ta isa ta motsa shi ba. Abin da ke kare rai shi ne na'urar RCD, wadda ke gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar bambancin ya kai miliamfiya 30, alamar wuta ta zurara ƙasa, sai ta katse ta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ƙa'idar haɗa wuta ta Birtaniya, BS 7671, ta wajabta ta a kan kowane soket na zango. Tana da maɓallin gwaji da ya kamata a danna duk lokacin da aka sauka.

Hanya mafi aminci ita ce ɗaukar wuta daga soket ɗin da aka girka a jikin karaban ta waje, mai murfi, mai lambar IP44, wato wanda feshin ruwa ba ya shigarsa. Bai dace a zuro wayar gida ta taga ba, ko a bar mahaɗar wayoyi a kan ciyawa. Babbar wayar kada ta wuce mita 25, kuma a warware ta duka, domin naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa. A fara jona ta a jikin karaban kafin turke. Wajen tashi kuma a fara cirewa daga turke.

Sai kuma lissafin kaya. Turke mai amfiya 16 yana ɗaukar wat 3,680, mai amfiya 6 kuwa wat 1,380 kacal, alhali butar lantarki ta gida kan ci wat 2,000 zuwa 3,000. Idan haske kaɗai ake bukata, fitilun LED masu bolt 12 sun wadatar.

Wutar Nijeriya ma bolt 230 ce, don haka waɗannan ƙa'idoji sun shafi rumfunan biki da ake ja wa waya da damina.