Bidiyon daƙiƙa 40 da ya kusa raba mu da fatsa a Tiga

Idan ka ga matasa goma sha wani abu cunkushe a bas a kan titin Zariya da sanyin safiyar Asabar, kowa riƙe da doguwar sanda da bokiti, kada ka ɗauka 'yan farauta ne. Wataƙila mu ne, 'yan ƙungiyar fatsa, mun nufi Tiga. Da an idar da sallar Asuba muke barin Kano, mu wuce Kura da Kadawa gari na wayewa, kafin rana ta yi zafi kowa ya kama wurinsa a gaɓa ya jefa ƙugiya.

Sai dai bana damina guda muka shafe ba mu taka wurin ba. Da farko hana mu aka yi, daga baya mu muka hana kanmu. Kuma gaskiyar magana, ni ne sila.

Yadda aka fara

Ƙungiyar ba ta da ofis, ba ta da rajista, zauren WhatsApp ne kawai da asusun da kowa ke zuba ɗan abin da ya samu a wata. Wasu yayyenmu ne suka kafa ta a lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas. Zaman gida ya ishe su, danne-dannen waya ya gundure su, sai ɗaya daga cikinsu, wanda ya taso a ƙauye ya iya fatsa tun yana yaro, ya ja su bakin ruwa. Ni sai daga baya na shigo. Yanzu a cikinmu akwai ɗalibai, da tela, da mai gyaran waya a kasuwa, da 'yan mata uku da suka fi yawancinmu haƙurin zama.

Kayan aikin ba wani tsada ne da su ba. Sandar gora, zaren roba, ƙugiya, ɗan guntun dalma da zai nutsar da ita, sai totuwar kara ko yankin tsohon silifas da zai riƙa yawo a saman ruwa. A bakin ƙugiya a soka tana ko gara. Mutum biyu ne kacal a cikinmu ke da sandar kanti mai abin naɗe zare, kuma wallahi ba su fi kowa kamu ba.

Abin da muka fi samu shi ne karfasa, sai tarwaɗa da kurungu jefi-jefi. Wata rana a cika bokiti, wata rana a dawo da kifi uku a raba wa mutum goma. Amma duk wanda ya taɓa zama ya zuba wa totuwa ido, sabis na zuwa yana ɗaukewa har ka manta da wayar a aljihu, sannan kwatsam ta yi ƙasa, ya san abin da ke mai da mu wurin.

Ranar da na yi kuskure

A cikin bazarar da ta wuce ne wani abokinmu ya kamo tarwaɗa mai tsawon hannu. Ni kuwa ɗalibin aikin jarida, komai na gani sai na ɗauka. Na yi bidiyo na daƙiƙa 40, na haɗa da sauti mai tashe, na ɗora a TikTok. A wajen sharhi mutane suka yi ta tambayar ina ne nan. Daɗin yabo ya ɗebe ni, na kwatanta wurin tiryan-tiryan, har da inda ake sauka daga mota da hanyar da ake bi da ƙafa.

Mako biyu bayan nan muka iske gaɓar kamar filin idi. Babura, motoci, lasifika, masu ɗaukar hoto. Wasu sun zo da ƙugiya, wasu wanka ya kawo su, wasu kuma da gidan sauro suka zo suna ja a ruwan gefe, suna kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, su yi hoto su watsar a kan yashi. Ledojin ruwa da robobin lemo kuwa ba a magana. An tsinka wa wani masunci ragar da ya kafa tun dare. Wani yaro da bai iya iyo ba ya zurma inda ƙasa ta yi gangare, Allah Ya taimaka akwai mai kwalekwale a kusa, shi ya ciro shi.

Asabar ta gaba, tun kafin mu sauke kaya aka aiko mana cewa Sarkin Ruwan ƙauyen ya ce kada baƙo ya sake jefa ƙugiya a wannan gaɓa. A cikin mota na fara cewa ai ba mu muka yi ɓarnar ba. Shugabanmu ya dube ni ya ce na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Na yi tsit.

A zauren Sarkin Ruwa

Sai da muka nemi wani dattijo ya yi mana iso. Muka cire takalma, muka durƙusa muka gaida shi. Na ce, "Baba, ni na sa hoton a waya. A yi mana afuwa."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Sa wa ya yi aka ɗauko ragar da aka tsinka aka shimfiɗa a gabanmu, ya ce mu ƙirga ramukan. Ya gaya mana cewa mai ragar bashi ya ci ya saye ta, kuma da ita yake ci da gida. Sannan ya tambaye mu, idan muka koma birni ba mu kama komai ba, za mu kwana da yunwa? Muka ce a'a. Ya ce to, su za su kwana.

Daga nan ya yi mana karatun da ban taɓa samu a aji ba. Ya ce wannan lungu da muke so saboda inuwa da ruwa marar zurfi, shi ne inda kifi ke haihuwa. Tarwaɗa tana jira ne ruwan damina ya hau ya rufe ciyawar gefe, ta shiga ta zuba ƙwai. Karfasa kuwa uwar a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, shi ya sa wanda ya kama ta a wannan hali ba kifi ɗaya ya kashe ba. Da na dawo na bincika, na tarar haka masana kifi suka rubuta. Shi bai karanta a ko'ina ba, a ruwa ya gani.

Ba hasashen tsofaffi ba ne

Mu matasa mukan ɗauki ruwa kamar abin da ba shi da mai shi. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, an gina shi ne don ya ɗauki ruwa kusan mita kubik biliyan biyu, kuma shi ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Idan ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙarshe. Sai ka ga kamar kifin cikinsa ba zai taɓa ƙarewa ba. Amma masunci ba a duk faɗin ruwan yake su ba. Yana da gaɓarsa, da lungunansa, da lokutansa, kuma idan aka lalata su sai ya yi doguwar tafiya a kwalekwale kafin ya samu abin kai wa mata masu suya da masu banda.

Hukuma ma ta san da haka. Dokar tarayya ta 1992 a kan kamun kifi a koguna da tafkuna ta haramta amfani da guba, da abin fashewa, da lantarki. Ta kuma hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kamar inci uku, in ban da wadda aka keɓe don wasu nau'in kifi da dama can ba sa girma. To ina ga gidan sauro? Da yawa daga cikin waɗanda suka ja shi a ranar nan ba su ma san laifi suke yi ba.

Ku dubi Argungu. Duk shekarar da aka yi bikin muna raba hotunan dubban masunta sun afka ruwa da homa da gora. Bikin ya samo asali ne a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma kifin da ya zo na ɗaya a 2020 ya kai kilo 78. Abin da ba ma sa wa a hoto shi ne cewa Matan Fada, inda ake gasar, a rufe yake sauran shekara. Ba mai yin su a wurin sai ranar da aka buɗe, kuma gasar kanta kamar awa guda ce. Wato ƙaton kifin da muke yi wa tafi, haƙurin da aka yi aka bar shi ya girma ne ya samar da shi.

Rigimar cikin gida

Da muka dawo, zauren WhatsApp ya ɗauki zafi kwana uku. Wasu suka ce ƙugiya goma sha biyar ba za ta ƙarar da kifin Tiga ba ko da shekara ɗari za mu yi, kuma dam na gwamnati ne, ba gadon kowa ba. A maganarsu ta farko akwai gaskiya, ban musa ba. Amma ba ƙugiyarmu ce ta tsinka raga ba, taron da muka jawo ne. Kuma ko da ruwan na kowa ne, akwai waɗanda suka riga mu zuwa, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Mutum biyu suka fice daga zauren. Har yanzu muna gaisawa.

Sauran muka haɗa kuɗi daga asusu aka sayi sabuwar raga aka kai wa mai ita. Na goge bidiyon. Muka rubuta ƙa'idoji, muka kai wa Sarkin Ruwa aka karanta masa, ya ƙara ɗaya, ya amince. Ga su a taƙaice.

Duk kifin da bai kai tsawon tafin hannun babba ba, a jiƙa hannu a cire masa ƙugiya a hankali a mai da shi ruwa. Haka nan karfasar da aka ga ƙwai a bakinta. Ba ma zuwa wannan lungu daga faɗuwar ruwan farko har damina ta ɗauke. Ba raga, ba gidan sauro, ƙugiya ɗaya ga mutum ɗaya. Kowa zai koma da sharar da ya zo da ita, da ƙarin leda guda ta wadda ya tarar. Hoto ya halatta, amma ba a faɗin sunan gaɓa, shi ya sa a nan ma ba ku ji na ambata ba. Ta ƙarshe, wadda Baba ya ƙara da kansa: wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma ba mai shiga kwalekwale sai da rigar ruwa.

Abin da ke tafe

Yanzu damina ta ɗauke, an ba mu izinin komawa. Fitar farko ba ta kamu ba ce, ta shara ce: za mu kwashe ledojin gaɓar tare da samarin ƙauyen. Bayan nan za a yi gasar da muke yi duk kaka, amma da sabon salo. Da, wanda ya fi yawan kifi ke cinyewa, abin da ke sa mutum ya tara ƙanana don ya cika lissafi. Bana kifi ɗaya kowa zai kai sikeli, wanda nasa ya fi nauyi shi ne gwani. Alƙalan kuwa masunta biyu ne da Sarkin Ruwa zai ba mu.

Mun kuma yanke cewa kowane ɗan ƙungiya ya je a yi masa gwajin tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗin da ke zama a ruwan gefe, ta ratsa fatar mutum ba tare da ya ji ba, kuma alamarta da aka fi sani ita ce jini a fitsari. Ba gwaninta ba ce, ba kuma alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa a ƙauye. Tana da magani a asibiti, kuma barin ta na iya lalata mafitsara. Mutum ɗaya a cikinmu ya gwada an same shi da ita, ya sha magani, ya warke.

Tun da na goge bidiyon nake samun saƙonni ana tambayar yadda za a shiga ƙungiya. Amsar ita ce ba sai kun shiga tamu ba. Kano kaɗai tana da Challawa, da Bagauda, da Watari, da Thomas, kuma da wuya ka sami jihar Arewa da ba ta da kogi ko dam a kusa. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku sayi ƙugiya. Amma kafin ku jefa, ku tambayi waye Sarkin Ruwan wurin, ku je ku gaishe shi, ku ji inda aka yarda da inda aka hana. Ku tafi da wanda ya iya iyo. Ku gaya wa na gida inda za ku da lokacin da za ku dawo.

Idan Allah Ya ba ku babban kamu, ku yi hotonku ku ɗora, ba laifi. In aka tambaye ku ina ne, ku ce a ruwa.