Abin da Ya Ɓata Fuskar Amarya

Saura mako uku biki, amarya ta wayi gari kumatunta biyu sun yi baƙi ƙirin, jini ya kwanta har ƙasan ido. 'Yar Tozai ce ta ƙaramar hukumar Isa. 'Yan bindiga suka taso su zuwa Sakkwato, jim kaɗan bayan ƙona motar matafiya a Gidan Bawa a Disambar 2021. Wahala ta zabge mata kumatu, shi ya sa ƙawaye suka yi karo-karo aka kai ta Kano aka yi mata allurar ciko, wadda 'yan gayu ke kira fila.

Gwaggonta ta ce sammu ne. A gidan biki ba a rasa wanda za a zarga, har an fara kallon uwargidan ango. Sai wata maƙwabciya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ce a ba ta wuri.

Abin da ta fara tsoro shi ne ko ruwan allurar ya toshe jijiyar jini. Wannan kan kashe fata, wani lokaci ya makantar, kuma ba ya jira: sai an gaggauta narkar da cikon da allurar hayaluronides. Ta danna fatar da yatsa, jini ya dawo nan take. Wurin da ɗumi, bai yi fari ba, babu azabar ciwo, gani lafiya lau. Ba toshewa ba ce.

Ko kayan jabu ne? Babbar ƙawa ita ma an yi mata a ranar, daga kwali guda, hannu guda, kuma ko tabo babu. Ke nan matsalar a jikin amarya take.

"Ɗiyata, wane magani kike sha?"

"Ba komai, Inna."

Gwaggo ce ta zazzage jaka, sai ga diyazefam, D5 ɗin kemis, da take haɗiya in barci ya ƙi. Aka ce an kama ɓarawo. Inna ta girgiza kai. Wannan ƙwaya tana sa maye, tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, amma ba ta hana jini daskarewa.

Sai da aka watse amarya ta ɗaga katifa. Satralin ne, wanda likita ya ɗora ta a kai a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware saboda firgita: ƙarar babur kaɗai kan sa ta rawar jiki. Ta ɓoye don kada dangin miji su ce mahaukaciya aka kawo musu. Ni dai ban ga laifinta ba, mun san bakin mutanenmu.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni suna tara sinadarin serotonin don su manne da juna. Ba sa ƙera shi, daga cikin jini suke zuƙa, kuma ƙofar da suke zuƙa ta nan ita ce satralin ke rufewa. Sai jini ya yi nawar tsayawa in allura ta huda ƙaramar jijiya.

Duk da haka Inna ba ta gamsu ba, domin mafi yawan masu shan maganin ɗan tabo kawai suke samu. Ta tambayi yaushe ta yi al'ada. Ashe a makon tafiya Kano ne, kuma ciwon mara ya sa ta yi ta shan ibufurofen safe da yamma, har ranar allurar. Shi ma yana raunana waɗannan ƙwayoyin jini ta wata hanyar dabam. Biyun ne suka haɗu. Mai allurar kuwa kuɗi ta tambaya, ba ta tambayi magani ba.

Amarya ta ce to ta daina satralin daga yau. Inna ta hana: yanke shi farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci, fargabar kuma ta dawo. Ta koma Kware ta faɗa wa likita komai, har da D5 ɗin, don shi ma a hankali ake janye shi. In ciwo ya taso, farasitamol. Tabon ya koma kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya baje cikin mako biyu, aka yi kamu a ranar da aka sa.