Yadda Hoton Maganaɗisu Ke Auna Tsananin Sankarar Furostet

Furostet wani ɗan ƙullutu ne mai kimanin girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari. Sankararsa ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Nijeriya. Sai dai tana da hali mai rikitarwa. Wata takan kwanta shekara da shekaru har mai ita ya rasu da wani ciwo dabam, wata kuwa takan gaggauta bazuwa zuwa ƙashi. Saboda haka babban aikin likita shi ne ya gane wace iri ce ke gabansa, don kada a yi wa dattijo tiyatar da ba ya bukata.

A da, idan gwajin jini na PSA ya yi sama, sai a soka allura kamar sau goma sha biyu a ɗebo 'yar tsoka, kusan a makance. A duba ta a madubin likita, a ba ta maki bisa ma'aunin da Donald Gleason ya fito da shi a Amurka a 1966: maki 6 mai sauƙi ne, 8 zuwa 10 mai tsanani. Amma allurar takan kuskure inda mugun ciwon yake.

A nan ne hoton maganaɗisu, wato MRI, ya shigo. Ɗalibin da ya karanci yadda ƙwayoyin ruwa ke watsuwa zai gane sirrin nan take. A cikin lafiyayyen furostet akwai sarari, ruwa yana yawo yadda ya so. Ƙwayoyin sankara kuwa a cunkushe suke kamar jama'a ranar kasuwa, sai ruwan ya rasa wurin motsi. Na'urar tana auna wannan takura, kuma galibi gwargwadon takurar gwargwadon muguntar ciwon. Tun 2012 masu karanta hoton ke ba wa wurin da suke zargi maki daga 1 zuwa 5, a tsarin da ake kira PI-RADS.

A wani bincike mai suna PRECISION da aka buga a 2018 kan maza 500, kashi 28 cikin ɗari na waɗanda aka fara yi wa hoto ba su bukaci allura ba. An kuma gano sankara mai haɗari a jikin kashi 38 nasu, alhali tsohuwar hanya ta gano kashi 26.

Duk da haka, kada a ɗauka hoto ya raba gardama. Yakan tsallake wasu ciwace-ciwacen, kuma har yau madubin likita ne ke yanke hukunci; hoton dai yana nuna wa allura inda za ta dosa. Abin takaici, a ƙasarmu na'urar sai a manyan asibitoci, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka.