Ɗalibi da Nauyin Sunansa

Kalmar "ɗalibi" ararriya ce daga Larabci, inda asalinta ke nufin mai nema. Ɗaurin da ke farkonta shi ne yadda bakin Bahaushe ya karɓi harafin Larabci mai nauyi, kamar yadda ya yi a "ɗabi'a" da "sharaɗi". Ƴar'uwarta "almajiri" ita ma daga can ta zo, ma'anarta wanda ya yi ƙaura. Kalmomin biyu sun haɗu a kan abu guda: ilimi ba ya iske mutum a zaune, tashi ake yi a bi sawunsa. Saboda haka katin rajista ba ya mai da mutum ɗalibi, nema ne ke mai da shi.

Tsarin karatun jami'o'inmu ma haka ya ɗauki al'amarin. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na Maraɗi, Damagaram da Tawa, lisansi shekara 3 ce, zango 6, kiredi 180. Kowane kiredi ya ƙunshi awoyin da malami ke koyarwa da kuma awoyin aikin ɗalibi shi kaɗai. Wanda ya tsaya ga abin da aka shifta masa a aji, wani kaso kawai ya biya na bashin da ke kansa.

To, yaya ake wannan aikin? A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya hardace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya riƙa auna abin da ya saura a ƙwaƙwalwarsa. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a awoyin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Darasin da aka yi da safe, a waiwaye shi da dare, a sake bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Karatun daren jarrabawa kiwon ranar sallah ne.

Dabara ta biyu makarantar allo ta daɗe da saninta. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya kawo karatun da ka a gaban malam, kuma tilawa ba ta yankewa. Maimaita duban takarda yana sa ido ya saba da rubutu, sai mutum ya zaci ya iya. Hanyar gane gaskiya ita ce rufe littafin a tambayi kai. Sai dai jami'a tana son ƙari a kan hadda, wato iya aiki da abin da aka riƙe.

Nan ne mu masu nazarin harshe muka yi sa'a, domin ɗakin gwajinmu yana bakinmu. In an koya maka karin sauti, kada ka tsaya ga misalin malam. Furta "kuka" na mai hawaye da "kuka" ta miya, ka ji inda murya ta sauka. In an zo tsawon wasali, gwada "gari" na mazauna da "gari" na tuwo. Azuzuwan aikatau 7 da Parsons ya tsara a 1960 suna da wuya a takarda, amma ɗauki aikatau ɗaya ka juya shi: saya, saye, sayar, sayo, sayu. Sannan nemo wani da kanka, ka ga ko zai bi layin. In ka je hutu, saurari dattijon da ke cewa "hwari" a inda Bakano ke cewa "fari", ka rubuta, ka tambayi kanka a gaban wane wasali hakan ke faruwa. Ka riga ka fara bincike ke nan.

Daga ƙarshe, a riƙa zama ƙungiya ƙarama, mutum uku ko huɗu, kowa ya yi wa saura bayanin darasi ɗaya ba tare da takarda ba. Inda harshenka ya sarƙe, nan giɓin yake. Kai wa malami wannan giɓin a matsayin tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya ita ce aikin farko na wanda ake kira mai nema.