Kafin Mu Sayar da Gona Saboda Bizar Ingila

'Yan'uwa, matasanmu na Hanwa suna yawan tambayarmu game da aikin ofis a ƙungiyoyin agaji na Ingila. Bizar ma'aikacin agaji ta aikin sa kai ce. Babu albashi, ba ta wuce wata 12, kuma ba a ba da ita don aikin ofis. Mai neman albashi sai ƙungiya mai lasisin gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ta ba shi takardar shaida. Tun Yulin 2025, yawanci sai aikin mai digiri, albashi aƙalla fam 41,700 a shekara. Ƙungiyar ce ke biyan kuɗin takardar, ba mu ba. In dillali ya ce mu saya, mu tambayi sunan ƙungiyar, mu duba jerin masu lasisi a intanet.